Jerin Zaɓi na Rubutu a Na'urorin Sadarwa: Ƙwarewar da Rezon Nijar Ya Dogara da Ita

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda ma'aikacin sadarwa ke shiga na'urorin rezo ta allon rubutu zalla, yana bin jerin zaɓi ko yana buga umarni, domin ya saita su, ya duba lafiyarsu, ya gyara su idan sun samu matsala. An ɗauki Yamai a matsayin fagen nazari saboda a nan ne hedkwatocin kamfanonin sadarwar Nijar suke, kuma daga nan ake sa ido kan na'urorin da ke warwatse a jihohi. Hujjar maƙalar ita ce nisan ƙasa, yankewar wuta da cakuɗuwar na'urorin kamfanoni daban-daban sun mayar da allon rubutu hanyar da ke saura idan sauran hanyoyi sun toshe. Don haka ya kamata a koyar da shi bisa fahimtar tsari, a daina dogaro da haddar umarni. An kawo tambayoyi huɗu da za a iya gina wannan koyarwa a kansu, sannan aka rufe da shawarwari.

1. Gabatarwa



Duk wanda ya taɓa sayen forfe ko tura kuɗi ta wayar hannu a Yamai ya san jerin zaɓi na rubutu. Yana danna tauraro da lambobi, ya rufe da alamar #, sai allo ya kawo masa layuka: 1 kaza, 2 kaza, 0 koma baya. Wannan tsari, da ake kira USSD, ba ya buƙatar intanet, kuma saƙonsa ɗaya ba ya wuce haruffa 182, shi ya sa yake aiki har a ƙaramar waya mai maɓallai a ƙauyen da rezo ke da rauni.

Na'urorin da ke ɗauke da wannan saƙo su ma da rubutu ake sarrafa su a can ƙasa. Rauta, suwic, na'urar da ke gindin eriya, na'urar da ke haska wayar fiba, kusan kowace tana da ƙofar da injiniya zai shiga ya tarar da baƙin allo da alama mai ƙyaftawa tana jiran umarninsa. Kuskuren mai sayen forfe yana tsayawa a aljihunsa. Na injiniya kuwa yana iya katse gari guda daga duniya, har da asibitinsa da kasuwarsa. Wannan bambanci ne ya sa na ga batun ya cancanci a tsaya a kansa.

2. Asalin allon rubutu da dalilin wanzuwarsa

Ƙa'idar haɗa na'urori ta siririyar waya, wato RS-232, ta fito a Amurka a 1960. A 1978 kamfanin DEC ya fitar da allon VT100, mai nuna layuka 24, kowane layi da haruffa 80. Manhajojin da muke amfani da su yau, irin su PuTTY, Tera Term da minicom, har yanzu kwaikwayon wannan allo suke yi. A fannin tarho, hukumar sadarwa ta duniya ITU ta tsara harshen umarni na MML a jerin shawarwarinta na Z.300, kamfanin Bellcore kuma ya fitar da TL1 a 1984.

An samu sababbin hanyoyi daga baya: SNMP a 1988, shafukan yanar gizo da ke cikin na'ura, NETCONF a 2006, da manyan manhajojin kula da rezo masu taswira da launuka. Dukkansu suna da amfani, amma sharaɗinsu ɗaya ne, sai rezon yana aiki kafin a kai ga na'urar. Ƙofar kwansol ba ta da wannan sharaɗi. Kebul ɗaya tsakanin kwamfuta da na'ura ya isa, ko da na'urar ba ta da adireshin IP, ko da sabuwa ce fil daga kwali.

Lissafin nauyinta ma abin dubawa ne. Saitin da aka fi samu a kwansol shi ne gudun bit 9600 a daƙiƙa, bit 8 na bayani, babu bit na tantancewa, bit 1 na tsayawa. Kowane harafi yana cin bit 10 ke nan, wato haruffa 960 a daƙiƙa. Cikakken allo yana ɗauke da haruffa 1920, don haka daƙiƙa biyu sun isa a cika shi. Layin da ya yi raunin da shafin yanar gizo ba zai buɗe ba yana iya ɗaukar wannan rubutu ba tare da wahala ba.

Manyan kamfanonin duniya ma ba su tsira daga wannan gaskiya ba. Ranar 4 ga Oktoba 2021, wani umarni da aka bayar lokacin aikin gyara ya yanke cibiyoyin Facebook daga intanet na kusan awa shida, WhatsApp da Instagram suka tsaya tare da shi. Kayan aikin da injiniyoyin ke amfani da su daga nesa sun tafi da rezon, dole aka tura mutane su je gaban na'urorin da ƙafarsu.

3. Yanayin Nijar

Abubuwa uku ne suka ƙara wa wannan ƙwarewa nauyi a ƙasarmu.

Na farko tarihin kamfanoni ne. An kafa SONITEL a 1997. A 2001 aka sayar da kaso mafi rinjaye nata ga haɗin gwiwar kamfanin ZTE na Sin da wani kamfanin zuba jari na Libiya, gwamnati ta karɓe ta a 2012, sannan a 2016 aka haɗe ta da SahelCom aka samar da Niger Telecom. Celtel da ta fara aiki a 2001 ta koma Zain a 2008, ta koma Airtel a 2010. Telecel ta zama Moov. Orange ta shigo a 2008, ta sayar da reshenta ga Zamani a 2019. Suna da mamallaki suna canzawa a rana ɗaya, na'urorin da ke cikin ɗakunan fasaha kuwa sukan yi shekaru a wurinsu. Sakamakon haka injiniyan da ke aiki a Yamai yakan tarar da tsofaffi da sababbin na'urori a jere, na kamfanoni daban-daban, kowace da salon jerin zaɓinta. A ƙasa da manyan kamfanoni kuma akwai ƙananan masu raba intanet da masu sayar da tikitin wifi a unguwanni, waɗanda da yawansu rautar MikroTik suke amfani da ita.

Na biyu nisa ne. Faɗin Nijar ya kai murabba'in kilomita 1,267,000. Daga Yamai zuwa Damagaram kusan kilomita 900 ne, zuwa Diffa kuwa ya haura 1,300. A wasu sassan jihohin Tillaberi da Diffa matsalar tsaro ta sa kai ma'aikaci gindin eriya ya zama kasada da rai. Umarnin da ya rufe wa injiniya ƙofar na'urar da ke Agadas yana nufin tafiyar kwana, da kuɗin mai, da jama'ar da za su zauna babu rezo har motar ta isa. A wuraren da ake haɗawa ta tauraron ɗan'adam mai tsayin kilomita 35,786, kowane harafin da aka buga yakan ɗauki fiye da rabin daƙiƙa kafin ya dawo allo. Mai gaggawa sai ya sake danna maɓalli yana zaton bai shiga ba, ya zaɓi abin da bai yi niyya ba.

Na uku wuta da hanyoyin fita waje ne. Yammacin ƙasar ya daɗe yana dogaro da wutar da ke zuwa daga Nijeriya ta layin Birnin Kebbi, kuma kowa ya tuna yadda aka yanke ta a Agusta 2023 ba a maido ba sai a Maris 2024. Yawan ɗaukewar wuta na nufin yawan sake tashin na'urori, kuma duk saitin da ba a adana ba yana tafiya da tashin farko. Ta fannin intanet, Nijar ba ta da gaɓar teku, ta ƙasashen maƙwabta take kaiwa ga kebul ɗin ƙarƙashin ruwa, ciki har da hanyar Gaya zuwa Kwatano. Lalacewar SAT-3 a Yuli 2009 da yankewar kebul huɗu a gaɓar Afirka ta Yamma ranar 14 ga Maris 2024 sun nuna cewa akwai ranakun da sai an karkatar da zirga-zirgar bayanai cikin gaggawa, kuma a allon rubutu ake yin galibin wannan aiki.

4. Salon jerin zaɓi

Salo uku aka fi cin karo da su. Akwai jeri mai lambobi, kamar wanda ke tsofaffin na'urorin Prestige na ZyXEL: 3 saitin rezon cikin gida, 4 haɗin intanet, 23 kalmar sirri, 24 kula da na'ura, 99 fita. Wannan salo yana da sauƙi ga sabon shiga domin komai yana gaban idonsa, amma abin da masu ƙira ba su sa a jerin ba, babu hanyar kai gare shi sai an sauka zuwa layin umarni.

Akwai salon matakai, wanda Cisco, Huawei, Juniper da MikroTik ke bi. Tsarinsa kamar gidan gargajiya ne: baƙo yana tsayawa a zaure, sai da izini yake shiga tsakar gida, kuma kowane ɗaki da abin da ake yi a cikinsa. A na'urar Cisco, alamar > tana nuna kana matakin kallo, umarnin enable ya kai ka matakin #, configure terminal kuma ya buɗe maka wurin saiti. A Huawei, system-view ne ke yin wannan aiki, alamar da ke kewaye da sunan na'ura ta sauya siffa. A MikroTik, /ip address yana kai ka reshen adireshi, ɗigo biyu su mayar da kai mataki ɗaya baya, alamar / ta mayar da kai tushe.

Sai salon MML na na'urorin wayar salula, inda kowane umarni ke da aikatau, da abin da za a yi wa aikin, da sharuɗɗa, ya ƙare da alamar waƙafi mai ɗigo. A na'urorin Huawei, LST yana nuna abin da aka saita, DSP yana nuna halin da abin yake ciki a wannan lokaci. Injiniyan da ya tsaya a LST zai ga an saita eriya daidai ya rufe allo, alhali eriyar a kashe take.

5. Tambayoyi huɗu

Wanda ya haddace umarnin kamfani ɗaya yakan tsaya cak ranar da aka ajiye shi gaban na'urar wani kamfani. Wanda ya fahimci tsarin kuwa zai nemo hanyarsa da alamar ? da maɓallin Tab, domin kusan duk waɗannan na'urori suna jero umarnin da ya halatta a matakin da mutum yake. Ina ganin za a iya tattara fahimtar a tambayoyi huɗu.

Tambaya ta farko: ina nake? Amsar tana rubuce a farkon layin da alama ke ƙyaftawa, inda sunan na'ura da matakin suke bayyana. Injiniya a cibiyar kula yakan buɗe tagogi da dama lokaci guda, duk baƙaƙe, duk kama ɗaya. Idan an bar na'urori da sunan da suka zo da shi daga masana'anta, babu abin da zai bambanta ta Dosso da ta Tawa. Sanya suna mai ɗauke da gari, wuri da aikin na'ura yana ɗaukar minti ɗaya, yana kuma hana a zuba saitin wani gari a na'urar wani.

Tambaya ta biyu: me wannan umarni zai taɓa? Umarnin kallo irin show, display da print ba sa canza komai, da su ya kamata a fara kowane aiki, a kuma kwafe abin da suka nuna kafin a taɓa wani abu. Umarnin canji kuwa wani yana ƙari ne, wani yana maye gurbi. Sanannen misali shi ne na suwic ɗin Cisco: wanda ya buga switchport trunk allowed vlan 20 yana son ƙara rukuni na 20, ya manta kalmar add, ya share duk sauran rukunonin da ke bin wannan layi, har da wanda shi kansa ya shigo ta cikinsa. Na'urar ba za ta tambaye shi ko ya tabbata ba.

Tambaya ta uku: yaushe canjin zai fara aiki, kuma an adana shi? A nan ne kamfanoni suka fi saɓawa. A Cisco IOS canji yana aiki nan take, amma yana zaune a ƙwaƙwalwar wucin gadi har sai an buga copy running-config startup-config. A na'urorin Huawei da yawa umarnin save ne ke adanawa. A Junos na Juniper canji ba ya aiki sam sai an buga commit. A MikroTik kuwa canji yana aiki kuma yana adanuwa a take. A ƙasar da wuta ke ɗaukewa, wanda bai san wannan bambanci ba zai gyara matsala da rana, na'ura ta sake tashi da dare, matsalar ta dawo, wanda ke bakin aiki kuma bai san an taɓa gyara ta ba.

Tambaya ta huɗu: idan ƙofa ta rufe, ta ina zan dawo? Masu ƙira sun tanadi mafita, sai dai a yi amfani da ita kafin kuskure. A Cisco, reload in 10 yana sa na'ura ta sake tashi bayan minti 10 da tsohon saitin da aka adana. Idan aiki ya yi kyau sai a soke da reload cancel. A Junos, commit confirmed yana janye canji da kansa bayan minti 10 matuƙar ba a tabbatar da shi ba. A MikroTik, Ctrl da X suna kunna yanayin kariya, wanda ke warware canje-canje idan haɗin ya yanke ba zato. A ganina, duk aikin da za a yi daga Yamai a kan na'urar da ke wata jiha bai kamata a fara shi ba sai an kunna ɗaya daga cikin waɗannan.

6. Harshe da allon maɓallai

Na'urorin da Ingilishi suke amsawa. Injiniyan Nijar da Faransanci ya yi karatu. Idan kuma ya kira mai gadin eriya ko ƙaramin ma'aikaci a ƙauye domin ya karanta masa abin da allo ya nuna, da Hausa ko Zabarmanci za su yi magana. Saƙon gargaɗi yana ratsa harsuna uku ke nan kafin a yanke shawara a kansa, sau da yawa da tsakar dare, cikin matsi. Dokar ƙasa ta Maris 2025 ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. Wannan dama ce ta rubuta takardun matakan aiki da Hausa, a bar umarnin yadda na'ura ta san su, a yi bayanin abin da kowanne ke yi da harshen da ma'aikaci ke tunani da shi.

Akwai kuma matsalar allon maɓallai. Kwamfutocin da aka saba da su a ofisoshin Yamai tsarin AZERTY ne na Faransa, waɗanda ake shigowa da su daga Nijeriya ko Dubai kuwa galibi QWERTY ne. Wuraren A da Q, da Z da W, a musanye suke, harafin M ma ya sauya wuri, lambobin layin sama a AZERTY sai an haɗa da Shift. Tunda allo ba ya nuna kalmar sirri lokacin da ake buga ta, wanda hannunsa ya saba da tsari ɗaya yana iya buga ta ba daidai ba sau da dama a ɗaya tsarin, har na'urar ta kulle shi. Darasin rabin awa ya isa ya kawar da wannan.

7. Tsaro

Telnet, wanda aka daidaita ƙa'idarsa a 1983, yana aika komai a fili, har da kalmar sirri. SSH, da Tatu Ylönen ya ƙirƙiro a Finlan a 1995, yana ɓoye bayanan. Duk da haka tsofaffin na'urori da yawa suna nan da ƙofar Telnet, wato ta 23, a buɗe. A 2016 muguwar manhajar Mirai ta mamaye dubban ɗaruruwan na'urori a duniya ta wannan ƙofa, tana gwada kalmomin sirri kusan 60 da masana'antu ke sakawa tun farko, kuma a ƙarshen shekarar an yi amfani da irinta wajen kai wa wani kamfanin sadarwa na Laberiya hari. A 2018 an gano wata ɓaraka a manhajar Winbox ta MikroTik da ke ba maharin damar kwashe kalmomin sirri daga na'urar da ba a sabunta ba.

Wata ɗabi'a mai haɗari ita ce ma'aikata su riƙa shiga da asusu ɗaya. Idan matsala ta faru babu yadda za a san wanda ya buga umarnin, wanda ya bar aiki kuma yana tafiya da mabuɗi a kansa. Tsarin RADIUS ko TACACS+ yana ba kowa asusunsa da iyakar izininsa. Rajistar abubuwan da suka faru kuma ba ta da amfani sai agogon na'urori sun daidaita ta NTP, domin agogon Nijar yana gaban na UTC da awa ɗaya, kuma idan wasu na'urori suna bin wannan wasu suna bin wancan, ba za a iya jera abin da ya faru bi da bi ba.

8. Shawarwari

Ga makarantu, irin su ESCEP, EMIG da Jami'ar Abdou Moumouni: a sa ɗalibi ya yi aiki iri ɗaya a na'urorin kamfanoni biyu ko uku, domin ya ga tsarin da ke ƙarƙashin bambancin umarni. Manhajojin kwaikwayo kamar GNS3 da Packet Tracer suna rage buƙatar sayen kaya masu tsada, amma kowane ɗalibi ya riƙe kebul ɗin kwansol da hannunsa kafin ya kammala. A kuma shirya jarrabawar da za a ba shi na'urar da aka lalata saitinta da gangan ya farfaɗo da ita.

Ga kamfanoni: a tanadar wa muhimman wurare hanyar shiga ta daban da ba ta bi ta rezon da ake kula da shi ba. A riƙa kwafe saitin kowace na'ura kai a kai ana ajiyewa a wani wuri. A rufe Telnet duk inda na'ura ke karɓar SSH. Tsofaffin injiniyoyin da suka san na'urorin zamanin SONITEL a ba su lokaci su rubuta abin da suka sani kafin su yi ritaya.

Ga hukumomi, musamman ARCEP da ANSI: a sa waɗannan matakai cikin abin da ake dubawa idan ana auna ingancin aikin kamfanoni, a kuma tallafa wa masana harshe da injiniyoyi su zauna tare su fitar da littafin jagora da harsunan ƙasa.

9. Kammalawa

Nijar ta shiga aikin shimfiɗa wayar fiba ta ratsa Sahara, kuma kowace tashar da aka kafa a kan wannan hanya na'ura ce da wata rana za ta tsaya a wurin da ke nesa da Yamai. Kuɗin sayen na'ura ana iya samunsa daga banki ko abokan hulɗa, amma mutumin da zai zauna gabanta ya san matakin da yake, ya san abin da umarninsa zai taɓa, ya adana aikinsa, ya bar wa kansa hanyar dawowa, sai mu ne za mu horar da shi. Ƙasar da sai ta jira injiniya daga waje kafin ta tayar da rezonta ba ta gama mallakar rezon ba. Horon da nake kira a yi ba ya buƙatar kuɗi mai yawa: kebul, tsohuwar kwamfuta, malami mai haƙuri da manhajar karatu da aka tsara da kyau. Ina roƙon a sa shi cikin shawarwarin da za a miƙa wa makarantu da hukumomi.